Na yi jijjiga a haihuwata ta ƙarshe: yaya zan san ko zuciyata tana cikin haɗari?

"Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 47, haihuwata bakwai. A cikina na shida da na bakwai an ce ina da hawan jini, a na bakwai ɗin har na yi jijjiga aka yi mini tiyata. Bayan arba'in na ji sauƙi na ajiye magani, yau shekara tara ke nan ban ƙara gwada jinina ba. Mahaifiyata shanyewar ɓarin jiki ce ajalinta tana da shekara 58. Yanzu al'adata ta fara yi mini wasa, na ƙara jiki, kuma in na hau bene nakan yi haki. Maigidana yana cewa ciwon zuciya na maza ne da masu yawan tunani, ni kuwa ba ni da wata damuwa. Ta yaya zan san matsayina, kuma me ya kamata in yi? Sannan 'yata ta fari tana da tsohon ciki, kakanninta sun dage sai ta yi wankan jego da kunun kanwa kamar yadda muka yi." Daga wata uwa a Funtuwa.

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya kuma sauki 'yarki lafiya. Idan na fahimce ki, abin da kike son sani shi ne ko hawan jinin da kika yi kina da juna biyu ya tafi tare da cikin, ko kuwa ya bar baya da ƙura, sannan ko akwai hanyar da mace za ta san inda ta tsaya tun ciwo bai kwantar da ita ba. Akwai hanya, kuma mafi yawanta ba ta da tsada. A wasiƙarki kin ambaci abubuwa huɗu da kowane likita zai gyara zama idan ya ji su: jijjigar da kika yi, rasuwar mahaifiyarki da shanyewar ɓarin jiki tun ba ta kai sittin ba, al'adar da ta fara ɗaukewa, da hakin da kike yi a bene. Sai dai abin da ya fi su duka muhimmanci babu shi a wasiƙar, wato awon jininki na yau, tunda ke da kanki kin ce rabonki da gwaji shekara tara. Ban gan ki ba, ban kuma saurari ƙirjinki ba, saboda haka ki ɗauki wannan bayani a matsayin shirin zuwa asibiti, domin ki san abin da za ki faɗa da abin da za ki nema a yi miki.

Maganar maigida

Maigidanki ba shi kaɗai ne yake da wannan fahimta ba. A bakinmu zuciya ita ce mazaunin fushi da baƙin ciki, shi ya sa da an ce wance ta kamu da ciwon zuciya, abin da ake fara tambaya shi ne wa ya ɓata mata rai, kishiya ce ko 'ya'ya. Damuwa mai tsawo tana da nata tasirin, ban musa ba. Amma na sha duba mata masu fara'a da kwanciyar hankali a gidajensu, jininsu ya haura 180, na kuma duba waɗanda rayuwa ta juya wa baya, jininsu yana nan daidai. Mu likitoci ma mun daɗe muna tafka irin wannan kuskure, domin shekaru masu yawa yawancin gwaje-gwajen magungunan zuciya a Turai da Amurka a kan maza aka yi su. A 2021 wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya bayyana cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini su ne sanadin kashi 35 cikin ɗari na mutuwar mata a duniya. Babu wata cuta da ta kai su, har da sankarar mama wadda mata suka fi jin tsoro.

Akwai ɗan abin kamawa a maganarsa. Toshewar jijiyar da ke ciyar da naman zuciya, wadda ke jawo bugun zuciya farat ɗaya, takan riga zuwa wa maza. Babban binciken nan mai suna INTERHEART, wanda aka yi a ƙasashe 52 aka fitar da sakamakonsa a 2004, ya nuna cewa mata sukan yi bugun farko kimanin shekara tara bayan shekarun da maza ke yin nasu. To amma jinkiri ne kawai. Da zarar al'ada ta ɗauke, sinadarin jikin mace da ake kira istirojin ya ragu, kitsen jini mai cutarwa yakan ƙaru, jijiyoyi su yi tauri, ƙiba ta taru a ciki, tazarar da ke tsakanin mace da namiji ta yi ta raguwa. Idan kuwa mace tana da ciwon suga, wannan jinkirin ma ba ta cika samunsa ba.

A yankinmu kuma abin da ya fi kwantar da mata a gadon asibiti shi ne hawan jinin da ya daɗe ba a kula da shi ba, har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, ko zuciya ta kumbura ta gaza, ko ƙoda ta lalace. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a wurinmu. Bayan shi akwai lalacewar ƙofofin zuciya da ke samo asali daga ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi maganinsa ba, wanda sau da yawa sai yarinya ta yi ciki yake bayyana, sai kuma gazawar zuciya ta masu jego, wadda zan dawo kanta idan na zo maganar 'yarki.

Ciki shi ne gwajin farko

Lokacin da mace take da ciki, yawan jinin da ke jikinta yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciya kuma tana aikin da ya zarce na kullum dare da rana har tsawon watanni. Babu wata na'ura a asibiti da ke gwada zuciya da jijiyoyin mace kamar yadda ciki ke gwada su. Wadda jijiyoyinta ke da wani rauni a ɓoye, a nan raunin yake fitowa: jini ya hau, furotin ya bayyana a fitsari, fuska da hannaye su kumbura, in abin ya tsananta a kai ga jijjiga irin wadda kika yi. Bayan haihuwa nauyin yakan sauka, jinin ya koma daidai, mace ta ɗauka ta rabu da abin. Raunin kuwa yana nan, yana jiran shekaru da ƙiba da gishiri su sake taso shi.

Bincike da dama da suka bi irin waɗannan mata shekaru masu yawa sun nuna cewa wadda ta yi hawan jinin ciki mai tsanani tana da haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki kimanin ninki biyu na wadda ba ta yi ba, haɗarin kamuwa da hawan jini na dindindin kuwa yakan kai ninki uku zuwa huɗu. Abin yana ƙara nauyi idan ya maimaitu a ciki fiye da ɗaya, kamar naki. Saboda haka ne tun 2011 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta sanya tarihin ciki cikin abubuwan da dole likita ya tambaya idan yana auna haɗarin mace. Haka nan ciwon suga na lokacin ciki, da haihuwar bakwaini, da haihuwar jariri ƙanƙani fiye da kima, da mutuwar ɗa a ciki, duk alamu ne da ake rubutawa.

A nan dole in ɗora mana laifi mu ma'aikatan lafiya. Muna bin mace da awo wata tara, muna gwada jininta duk zuwa, amma ranar da aka sallame ta da jariri a hannu, shi ke nan, hankali ya koma kan rigakafin yaro. Da wuya a samu wanda ya zaunar da ita ya ce, "Abin da ya same ki yana nufin ki riƙa gwada jininki duk shekara har ƙarshen rayuwarki." Katin awon kuma ya ɓace a ƙasan akwati. Idan naki yana nan, ki lalubo shi. In babu, ki faɗa wa likita da bakinki tun bai tambaya ba, domin mai yiwuwa ba zai tambaya ba.

Yadda ake auna haɗarin

Hausawa sun ce jiki magayi, amma a sha'anin hawan jini jiki ba ya gaya wa kowa komai sai aski ya zo gaban goshi. Mafi yawan masu shi ba sa jin ciwon kai ko jiri, saboda haka jin garau ba hujja ba ce. Sai an ɗaura na'ura.

Gwajin ma yana da ƙa'ida, kuma ana yawan karya ta. Ki zauna a kujera mai jingina na minti biyar, ƙafafunki a ƙasa, hannunki a kan tebur daidai da ƙirji, ba ki ci goro ko kin sha shayi mai ƙarfi a rabin awar da ta wuce ba, ba kya jin fitsari, ba kya magana. A gwada sau biyu. Tunda kin ce kin ƙara jiki, ki lura da girman abin da ake ɗaurawa a damtse, domin idan ya yi wa hannu kaɗan yakan ba da lamba sama da gaskiya. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da aka ɗora wa magunguna uku, muka sake gwada ta da maɗauri mai faɗi, lambar ta sauko sosai har muka rage mata magani. Idan awon asibiti ya kai 140 bisa 90 ko ya haura a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Idan za ki iya sayen na'urar gida, wadda ake ɗaurawa a damtse ta fi ta wuyan hannu. Ki gwada safe da yamma na mako guda, ki rubuta a littafi, kuma a gida iyakar ita ce 135 bisa 85. Wannan littafi ya fi mini amfani a kan awo ɗaya da aka yi wa mace bayan ta sha rana a layi tun asuba.

Bayan jini sai suga. Ana gwadawa da safe kafin a ci komai, kuma lamba 7.0 ko 126, gwargwadon ma'aunin da na'urar ke amfani da shi, ita ce iyakar ciwon suga idan an maimaita an samu haka. Sai gwajin fitsari domin a ga ko furotin yana zuba, da gwajin aikin ƙoda, waɗanda nake ganin sun zama tilas ga duk wadda ta taɓa yin jijjiga. Gwajin kitsen jini ya fi su tsada, amma a shekarunki ya cancanci a yi shi ko sau ɗaya. Akwai kuma awon da za ki yi yau a ɗakinki da tef ɗin tela: ki tsaya, ki zagaya shi a tsakiyar cikinki wajen cibiya, ba tare da kin shanye ciki ba. Ga mace, santimita 80 ita ce farkon gargaɗi, 88 kuwa haɗarin ya ƙaru sosai. Kitsen da ke taruwa a ciki ya fi na cinya da ɗuwawu illa, shi ya sa wannan awon yakan faɗi abin da sikeli bai faɗa ba.

Idan an tattara waɗannan, likita yakan duba wani jadawali da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2019, wanda yake da shafi na musamman domin Afirka ta Yamma. Ana duba shekaru daga 40 zuwa 74, da jinsi, da shan taba, da awon jini, da suga, da kitsen jini, sai ya nuna kashi nawa cikin ɗari ne yiwuwar mutum ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a shekara goma masu zuwa. Akwai ma nau'insa da ba ya buƙatar gwajin suga da kitsen jini, nauyi da tsawo ake dubawa a madadinsu. Ina amfani da shi, amma na san iyakarsa: ba ya tambayar jijjiga, ba ya tambayar abin da ya kashe mahaifiya, ba ya tambayar shekarun da al'ada ta ɗauke, kuma yawancin bayanan da aka gina shi a kansu ba daga matanmu aka tattaro su ba. Mace mai shekara 47 da ba ta shan taba kusan kullum a launin kore take faɗawa, wato matakin haɗari mafi ƙasa a jadawalin. Ke in kika faɗa a kore, ni ba zan sake jiki da hakan ba, zan ɗauke ki a matakin da ya fi wanda takarda ta nuna.

Hakin nan na bene

Haki yana da dalilai da yawa, kuma ba zan iya rarrabe su daga nesa ba. Yana iya zama ƙiba da rashin motsi. Yana iya zama ƙarancin jini, musamman idan al'adar da ke miki wasa tana zuwa da yawa, kuma gwajin wannan mai sauƙi ne. Yana kuma iya zama zuciya ce da hawan jini ya sa ta yi kauri ta kasa sakewa ta cika yadda ya kamata, abin da ya fi yawa ga mata a irin shekarunki zuwa sama. Saboda tarihinki, ki nemi a yi miki gwajin bugawar zuciya na takarda, in da hali kuma a yi hoton zuciya, wanda ake yi da na'ura irin ta hoton ciki. Ki lura da kanki kafin nan: shin kina iya kwanciya a miƙe da matashi ɗaya, ko sai kin tara biyu ko uku? Shin numfashi yana tashin ki da tsakar dare? Shin ƙafafunki suna kumbura da yamma har takalmi ya matse ki? In amsar ɗaya daga cikinsu e ce, kada ki jira mako ya zagayo.

Ki kuma san yadda bugun zuciya yake zuwa wa mata. Nauyi ko matsi a ƙirji shi ne alamar da ta fi yawa ga mace da namiji duka, amma mata sukan haɗa da wasu abubuwan da ke ɓatar da hankali: zafi a saman ciki kamar ƙwannafi, tashin zuciya, ciwo a muƙamuƙi ko tsakanin kafaɗu, zufa mai sanyi, da wata irin kasala da ba a saba ba. Ba na mantawa da wata dattijuwa mai ciwon suga da 'ya'yanta suka kawo bayan kwana uku tana shan maganin olsa daga kemis. Abin da ta yi ta faɗa shi ne cikinta yana zafi, kuma ta kasa ɗaga buta. Takardar gwaji tana fitowa muka ga bugun zuciya ne, lokacin da magani zai ceci naman zuciyar kuma ya riga ya wuce. Haka shanyewar ɓarin jiki: da an ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, asibiti za a nufa a take, a yi addu'ar a hanya, domin sa'o'in farko su ne ke raba wadda za ta tashi da wadda za ta zauna.

Abin da ke rage haɗarin

Idan gwaji ya nuna kina da hawan jini, magani shi ne abu mafi girma da za ki yi wa kanki. Taƙaitattun sakamakon gwaje-gwaje masu yawa sun nuna cewa sauke lambar sama da maki goma kawai yana rage shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Na san maganar da ke yawo, cewa in an fara shan maganin hawan jini jiki yakan saba, ba a iya dainawa. Maganin ba ya sa jiki ya dogara da shi. Ciwon ne ba ya warkewa, magani yana danne shi ne kawai, ranar da aka ajiye kuwa sai ya koma inda yake. Mafi yawan mutanenmu sai an haɗa musu iri biyu. Wani gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka shida ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dike Ojji na Abuja, wanda ya fito a 2019, ya nuna cewa haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata. Amlodipine yakan kumbura idon sawu, lisinopril yakan sa busasshen tari. In kin ga haka ki koma a canza miki, kada ki ajiye a ɓoye. Ki kuma tuna cewa al'ada mai wasa ba ta hana ɗaukar ciki, lisinopril da losartan kuwa suna cutar da ɗan tayi, kuma ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da istirojin ba ta dace da mai hawan jini a shekarunki ba, akwai wasu hanyoyin da suka fi ta. Da azumi ma ba a ajiye magani, lokacin shansa ake gyarawa tare da likita.

Sai tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram biyar, wato kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Matan da nake dubawa sukan ce mini ai sun daina sa gishiri, sai in tambaye su dunƙule nawa suke marmasawa a miya. A nan ake yin dariya, domin amsar takan zama takwas ko goma, bayan na jajjage da na yaji. Kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. Ki ƙirga na tukunyarki yau, ki rage biyu a makon nan, ki ƙara rage biyu bayan mako biyu, ki cike gurbin da daddawa da albasa da citta da tafarnuwa da masoro. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni, kuma in an bi a hankali mutanen gida ba sa ma lura. Kanwar da ake jefawa a miyar kuka da ɗanwake ita ma sodiyam ce, irin sinadarin da ke cikin gishiri. A ɗaya ɓangaren, abincinmu na asali yana da abin da zuciya ke so: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, wake, gero da dawa da ba a cashe su fes ba. Binciken SIREN ɗin nan ya samu cewa masu cin ganye kullum sun fi tsira daga shanyewar ɓarin jiki. Abin da za a ja baya da shi shi ne lemon kwalba, da sukarin da ake zubawa a fura da kunu da zoɓo, da man da ake ta maimaita suya da shi.

Motsa jiki kuwa minti 150 ne a mako, wato rabin awa sau biyar, da saurin da zai sa numfashi ya ɗan ƙaru amma ana iya magana. Shekarunki su ne shekarun da mace ke hutawa, yara sun karɓi shara da daka da wanki, ita tana kan tabarma tana ba da umarni. Hutun ya cancanta, amma a nan ƙibar take shigowa. Ba sai kin fita titi ba, zagaya tsakar gida bayan sallar asuba ya isa. Sai dai ki bari a duba hakin nan tukuna kafin ki matsa wa kanki.

Akwai abubuwan da nake roƙon ki ki yi hattara da su a kemis. Magungunan ciwon jiki da gwiwa irin su diclofenac da ibuprofen suna tayar da jini, suna taɓa ƙoda, kuma mata da yawa suna shan su kamar gyaɗa. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, da wasu mayukan bilicin, suna ɗauke da sinadarin da ke haddasa hawan jini da suga. Kada ki fara shan asfirin kullum don an ce yana tsinka jini, domin ga wanda bai taɓa bugun zuciya ko shanyewa ba, zubar jinin da yake jawowa a ciki tana iya cinye amfaninsa. Maganin maye gurbin istirojin yana taimaka wa wasu mata da zafin jiki na ɗaukewar al'ada, amma tun bayan babban gwajin da aka dakatar a Amurka a 2002 ba a ba da shi domin kare zuciya. Zoɓo marar sukari yana ɗan sauke jini, ki sha abinki, amma ba zai riƙe jinin da ya kai 170 ba. Idan kuma da itace ake girki a gidanki a ɗaki rufaffe, hayaƙin yana cutar da jijiyoyi kamar yadda yake cutar da huhu, ko fitar da murhun waje kaɗai ya rage wani abu.

Maganar 'yarki

Abu na farko, tun kafin a zo jego: ki tabbatar ma'aikatan awo sun san mahaifiyarta ta yi jijjiga, domin abin yana bin jini, kuma cikin fari ya fi haɗari. Da tun farkon cikin ne, likita zai iya ɗora ta a kan ƙaramin asfirin daga wajen mako na 12, wanda a nan kam yana da amfani. Yanzu da cikin ya tsufa, abin da ya rage shi ne gwajin jini da fitsari a kowane zuwa, da haihuwa a asibiti. Ciwon kai mai tsanani, ganin walƙiya ko dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko kumburin fuska, kowannensu na tafiya asibiti ne a ranar, ko da bayan haihuwa ne, tunda jijjiga tana zuwa wa mai jego ma.

Gazawar zuciya ta masu jego ciwo ne da ƙasar Hausa ta yi suna da shi a littattafan likitanci. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun rubuta yadda suka same shi a Zariya ga kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari da ta haihu, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya nuna cewa ciwon yana nan da yawa a Arewa maso Yamma, amma bai tabbatar da cewa wanka da kunun su ne tushensa ba. Abubuwan da suka fi fitowa su ne rama da ƙarancin abinci mai gina jiki, da talauci, da hawan jinin ciki, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jini. Saboda haka ba zan ce wa kakanninta al'adarsu ce ke kashe mata ba, kuma faɗin hakan ma ba ya sa a saurare ka. Abin da nake gaya wa iyaye shi ne, jikin mai jego yana ƙoƙarin fitar da ruwan da ya tara wata tara, kanwa kuwa tana riƙe ruwa, zafi mai tsanani kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Zuciya mai lafiya takan jure, mai rauni kuwa a nan take durƙushewa, kuma ba a gane wacce ce wacce da ido. A yi wankan da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki, a dama kunun gero ko na gyaɗa ba kanwa, a ba ta nama da ƙwai da wake da ganye. Idan jininta ya hau a cikin nan, kanwa ta haramta gare ta gaba ɗaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ake fassara alamomin. Mai jego ta fara kumburi, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai a jingine, sai a ce sanyi ne ya shige ta, ba ta gasu ba, a ƙara wuta a ƙara kanwa. Na karɓi yarinya 'yar shekara goma sha tara a wannan hali, an kawo ta a zaune a bayan mota domin ta kasa kwanciya, bayanta duk tabon ganyen wanka, kwana goma ana ƙara mata ruwan zafi. Ta rayu, amma zuciyarta ba ta koma daidai ba, dole muka ba ta shawarar kada ta sake ɗaukar ciki. Waɗanda aka kawo da wuri, da yawansu zuciyar takan farfaɗo da magani. Ciwon yana iya bayyana daga watan ƙarshe na ciki har watanni biyar bayan haihuwa, saboda haka ko an yi arba'in ta koma ɗakinta, ki ci gaba da tambayarta yadda take barci da matashi nawa take kwana a kai. Ranar da za ki raka ta awo na gaba, ki miƙa naki hannun a gwada kafin ku fito.